Isidore de Souza: Limamin Kirista Da Ya Tsaya Kan Gaskiya A Benin

Dattawanmu 'yan kasuwa na Parakou da Djougou ba su manta da shekarar 1989 ba, lokacin da bankunan Jamhuriyar Benin suka durƙushe, ma'aikata suka yi watanni babu albashi, ciniki ya tsaya cik.

A wannan hali ne aka ɗora wa Isidore de Souza, limamin cocin Katolika da aka haifa a Ouidah a 1934, shugabancin babban taron ƙasa a Kwatano, daga 19 zuwa 28 ga Fabrairun 1990. Da wakilai suka ce iko ya dawo hannunsu, an ji tsoron sojoji za su buɗe wuta. Shi ne ya lallashi Shugaba Mathieu Kérékou har ya amince. Ya kuma ja hankalin 'yan adawa kada su nemi ramuwa, domin addininsa ya koya masa yafiya.

Daga nan ya jagoranci majalisar riƙon ƙwarya, wadda Hubert Maga, haifaffen Parakou, ya zauna a cikinta. Bai nemi kujerar mulki ba. A 1991 aka yi zaɓe, Nicéphore Soglo ya lashe.

Ya rasu ranar 13 ga Maris, 1999. Mu da muka san kasuwa ba ta ci sai da zaman lafiya, muna tunawa da shi.