Tarihin Franz Liszt, Makaɗin da Ya Sa Piyano Waƙa

Yau tarihin wani makaɗin Turai muka kawo muku, wanda ya ɗauki waƙoƙin wani mamaci ya yawata da su duniya.

An haifi Franz Liszt ran 22 ga Oktoba 1811 a ƙauyen Raiding na ƙasar Hongiri, wanda yanzu yake cikin Otiriya. Ubansa Adam baran gidan sarautar Esterhazy ne, shi ke kula da tumakinsu, shi ne kuma ya fara koya masa piyano. A 1822 suka bar ƙauye zuwa Biyana, inda yaron ya yi karatu wajen Carl Czerny. A 1823 suka isa Pari, amma babbar makarantar kiɗa ta birnin ta ƙi karɓarsa don shi baƙo ne. Uban ya rasu a 1827, sai yaron ya shiga koyar da kiɗa don ya ciyar da uwarsa.

A 1838 kogin Danub ya yi ambaliya ya ci birnin Pest na ƙasarsu. Liszt yana Italiya ya ji labari, ya taso ya zo Biyana, ya yi wasanni, ya aika wa mutanen gida kuɗin. A wasannin nan ya riƙa kaɗa waƙoƙin Franz Schubert, ɗan Biyana, wanda ya rasu a 1828 yana da shekara 31, sunansa bai yi nisa ba. Schubert ya tsara waƙoƙin ne don mawaƙi ya rera, mai piyano ya raka shi. Liszt ya haɗe aikin mutum biyun a hannun mutum guda, ya yi wa waƙoƙi fiye da 50 haka. Daga 1839 zuwa 1847 ya zaga Turai, tun daga Lisbon har Mosko da Istambul, waƙoƙin Schubert na cikin kayan tafiyarsa.

Abin da wuya. Mawaƙi yana da numfashi, yana jan murya ya ƙara mata ƙarfi. Piyano kuwa ƴar guduma ce ke bugun tsirkiya, da ta buga sai amon ya fara mutuwa. Gwani shi ne wanda zai sa ka manta da gudumar.

Ku ɗauki waƙar Ständchen, wadda Schubert ya tsara a shekarar rasuwarsa. Saurayi ne da dare yake kiran budurwarsa ta fito. A tsarin Liszt, hannun hagu na kwaikwayon kiɗan jita. Karin waƙar ya fara a tsakiya, sannan ya sauka ƙasa kamar muryar namiji. A zagaye na ƙarshe, duk abin da muryar ta faɗa sai wata siririya daga sama ta maimaita shi. Abu uku ke nan a yatsa goma.

Liszt ya daina wasa don kuɗi a 1847, yana da shekara 35. Ya zauna a Weimar ta ƙasar Jamus, ya koyar da ɗaruruwan almajirai bai karɓi ko sisi ba. Ya rasu a Bayreuth ran 31 ga Yuli 1886, ba a ɗauki kiɗansa a faifai ba. Saboda haka ta hannun na baya muke jin sa.

Biyu daga cikinsu sun isa a gwada su. Sergei Rachmaninoff, mutumin Rasha, ya ɗauki Ständchen a Amurka a 1942, shekara guda kafin rasuwarsa. Malaminsa kuma ɗan uwansa, Alexander Siloti, almajirin Liszt ne. Faifan tsoho ne, yana da ƙara, amma muryar tsaye take, tana tafiya da nauyi irin na dattijo mai ba da labarin ƙuruciyarsa. Vladimir Horowitz kuwa ya ɗauke ta a gidansa na New York, faifan ya fito a 1989, shekarar da ya rasu. Shi launin amo ya sa gaba. A zagayen ƙarshe ya raba muryoyin sarai, har ka rantse mutum biyu ne ke zance, ɗaya kusa, ɗaya can nesa.

Wanda ya samu hali ya saurari biyun a jere, ya lura da abu uku. Shin hannun hagu ya danne waƙar? Shin makaɗin na numfasawa inda mawaƙi zai numfasa? Shin mai amsawa ya bambanta da mai kira? Wanda ke son zance ya tafi kai tsaye zai zaɓi Rachmaninoff, mai son taushi zai zaɓi Horowitz. Kowanne ka zaɓa, muryar Schubert kake ji, kuma Liszt ne ya ɗauko maka ita.