Yuri Gagarin, Ɗan Kafintan Da Ya Fara Zuwa Sararin Samaniya

Kun taɓa ganin tsohon hoton wani matashi yana murmushi cikin hular 'yan sama jannati? Yuri Gagarin ke nan.

An haife shi a wani ƙauyen Rasha a 1934, mahaifinsa kafinta ne. Yana yaro sojojin Jamus suka ƙwace gidansu, iyalin suka koma bukkar laka. Ya koyi aikin narka ƙarfe, sannan ya zama matuƙin jirgin yaƙi.

Ranar 12 ga Afrilu, 1961, ya kewaya duniya cikin kumbon Vostok 1, tafiyar minti 108. Ba wanda ya riga shi. Daga baya hukuma ta hana shi komawa, don gudun kada a rasa shi. Amma a 1968 jirgin atisaye ya faɗi da shi, ya rasu yana ɗan shekara 34.