Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe takardar naira ashirin ya riƙe hoton wannan mata a hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba. A gaban takardar akwai Janar Murtala Muhammed. In ka juya bayanta za ka ga wata mata ta duƙufa a kan tukunya tana aiki. Ita ce Ladi Kwali.

An haife ta wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Yau Kwali tana cikin yankin Birnin Tarayya. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, yarinya takan koya a gida kamar yadda take koyon daka da tuwo. Ladi ta koya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Ba su da inji. Maginiya takan murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta riƙa ɗora shi tana zagaya tukunyar da ƙafa, tana shafewa da hannu har randa ta tashi. Kafin ta bushe sai a yi mata zane, sa'an nan a gasa a fili da itace da busasshiyar ciyawa. Zanen Ladi ya fita dabam. Takan zana ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi da tsuntsaye, wato halittun da take gani a gona da bakin rafi.

Ba ita kaɗai ce gwana a ƙasar ba. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ta sami waɗanda suka tsaya suka dubi aikinta da daraja. Na farko shi ne Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya tara tukwanenta a fada. Abujar da ake nufi a nan ita ce garin da yanzu ake kira Suleja. A fadar ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya ga aikinta a 1950, lokacin da gwamnati ta sa shi zagaya ƙasa don duba sana'ar tukwane. Shi ma magini ne, ya kuma yi aiki a Gana kafin ya zo nan. Da ya buɗe makarantar koyar da ginin tukwane a Abuja, maza aka fara ɗauka. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Bayanta wasu mata suka biyo, kamar Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto.

A makarantar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta yi kwanuka da kofuna da butoci. Amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, yadda aka koya mata a gida, sai dai yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli a gasa su cikin tanderu mai tsananin zafi. A nan akwai abin lura. Tulun da aka yi haka yakan yi nauyi, ba ya kuma sanyaya ruwa kamar na ƙauye, don ƙyallin ya toshe ƙofofin da yumɓu ke tsatsafo da su. Ya zama kayan ado, kuɗinsa ya fi ƙarfin matar da ke zuwa rafi. A ganina an samu, an kuma rasa.

Ina yawan tuna wannan idan na ga iyayenmu na zumuntar mata suna shirin taimaka wa matan ƙauye. Sau da yawa mukan kai atamfa da sabulu da hatsi, wannan kuwa yana da kyau. Amma kaɗan ne cikinmu ke tambayar mace me hannunta ya iya. A ikilisiyoyinmu na karkara akwai masu ginin tukwane da masu saƙa da masu zanen ƙwarya, muna zama benci ɗaya da su ran Lahadi, ran kasuwa kuma mu taya kayansu da arha har su ji kunyar sana'arsu. Sarki da Baturen nan ba sadaka suka ba Ladi ba. Sun sayi aikinta, sun ba ta wurin aiki, sun bar sunanta a kan abin da ta yi. Ai Ubangiji ma gidan maginin tukwane ya aiki annabi Irmiya ya je ya ga darasi, kamar yadda muke karantawa a sura 18.

An nuna tukwanenta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew, tana gina tulu a gaban ɗalibai da malamansu. Ta karɓi lambar MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, matar da ba ta yi karatun boko ba. Gwamnatin Nijeriya ta ba ta babbar lambar yabo ta ƙasa a 1980, da OON a 1981.

Cardew ya bar Abuja a 1965, ya rasu a Ingila a 1983. Ladi ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Makarantar ta Suleja tana ɗauke da sunanta, haka ma wani titi a Abuja. Hotonta ya hau takardar naira ashirin a 2007, shekara 23 bayan rasuwarta.