Aljazari: Maƙerin da Ya Sa Ƙarfe Motsi

Ya ku ɗalibai, wataƙila a cikinku akwai wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa, ya ɗaura mata zare yana ja a kan titin unguwarsu. Wani kuma ya kwance tsohuwar rediyo, ya ciro waya da ƙwan fitila, ya haɗa su da batir don ya ga ko za su kawo wuta. Idan haka ne, ku sani kuna da magabaci a wannan sha'awa. Sunansa Aljazari, kuma ya rayu fiye da shekara 800 da suka wuce.

Cikakken sunansa shi ne Badi'uz Zaman Abul Izzi ɗan Isma'ila Aljazari. An haife shi a wajajen shekarar 1136. Ana ce masa Aljazari ne saboda ya fito daga Aljazira, wato ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da kogin Furat. A wancan zamani babu garin Maiduguri. Sarakunan Kanem suna zaune a birnin Njimi, kuma Mai Dunama Dabalemi bai hau gadon sarauta ba tukuna.

Aljazari ya yi aiki a fadar sarakunan gidan Artuk a birnin Amid, wanda yanzu ake kira Diyar Bakir, a ƙasar Turkiyya. Ya shekara 25 yana yi musu hidima. Ya bauta wa uba, ya bauta wa ɗansa na fari, sa'an nan ya bauta wa ƙanen wannan ɗa, Sarki Nasiruddin Mahmud. Aikinsa shi ne ƙera na'urori domin amfanin fada. Kafin ya shahara, sai da ya karanta ayyukan waɗanda suka gabace shi, kamar 'ya'yan Musa su uku da suka yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. Bai tsaya ga karatu kawai ba. Yakan gwada abin da ya karanta da hannunsa, in ya ga kuskure ya gyara.

Wata rana ya kawo wa Sarki Nasiruddin wata na'ura da aka sa shi ya ƙera. Sarki ya dube ta da kyau, ya yi tunani, sai ya nuna masa cewa bai kamata irin wannan wahala ta tafi a banza ba. Ya umurce shi da ya tattara abubuwan da ya ƙirƙira a cikin littafi guda. Sarkin ya hango wata gaskiya: ƙarfe yakan yi tsatsa, katako gara takan cinye shi, maƙeri kuma yakan mutu da iliminsa in bai rubuta ba.

Aljazari ya kammala littafin da Larabci a shekarar 1206. Ya yi bayanin na'urori 50, ya kasa su kashi shida: agogunan ruwa da na kyandir, kwanukan abin sha, butoci da tasoshin wanke hannu da na awon jinin da aka fitar wa majiyyaci, maɓuɓɓugan ruwa da na'urorin kiɗa, injunan ɗaga ruwa, da kuma wasu abubuwa dabam-dabam, kamar ƙofar fada da makulli mai buɗuwa da haruffan sirri.

Mafi shahara a cikinsu shi ne agogon giwa. Ku saurara ku ji yadda yake aiki. A cikin cikin giwar akwai tanki cike da ruwa. A kan ruwan akwai tasa mai ɗan rami a gindinta. Ruwa yana shiga ta ramin a hankali, har tasar ta nutse bayan rabin sa'a. Yayin da take nutsewa tana jan igiya, igiyar kuma tana juya mutum-mutumin wani magatakarda da ke zaune a bayan giwar, yana nuna tafiyar lokaci da alƙalaminsa. Da tasar ta nutse, sai wani dunƙulen ƙarfe ya kuɓuce daga sama, ya fito ta bakin shaho, ya faɗa bakin maciji. Nauyin dunƙulen ya sa macijin ya sunkuyo, sunkuyawarsa kuma ta jawo tasar sama ta zubar da ruwanta. A daidai lokacin, mai tuƙin giwar ya yi bugu, kowa ya ji cewa rabin sa'a ta cika. Daga nan sai aikin ya sake farawa da kansa. Babu lantarki, babu batir. Ruwa ne da nauyi da igiya kawai.

Ya kuma ƙera kwalekwale mai ɗauke da makaɗa huɗu, dukansu mutum-mutumi. Ruwa yakan taru a wani mazubi, in ya cika ya tuntsure a kan wata da'ira, ita kuma ta juya wani sanda mai 'yan turaku. Kowane turke yana ɗaga hannun makaɗi ya sake shi. Masu bincike na zamani sun lura cewa in an sauya wa turakun wuri, kiɗan ma zai sauya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ambaton Aljazari a tarihin na'urori masu sarrafa kansu.

Kada ku ɗauka duk aikinsa na nishaɗin sarakuna ne. Ku tuna da manoman rani na bakin kogin Ngadda, da irin wahalar da ake sha kafin ruwa ya kai ga shuka. A dā da jigo ake ban ruwa a ƙasashenmu, mutum yana ja yana zubawa har ya gaji. Aljazari ya tsara injuna biyar na ɗaga ruwa. Ɗaya daga cikinsu famfo ne mai bututu biyu, wanda gudun kogi ke tafiyar da shi. Yayin da ɓangare ɗaya ke zuƙo ruwa, ɗayan yana tura shi sama. Dabarar a nan ita ce mayar da juyawa ta zama kai da komo. Irin wannan dangantaka tsakanin juyawa da kai da komo tana nan a cikin injin mota da na keken ɗinki.

Abin da ya fi ɗaga darajar littafin shi ne yadda aka rubuta shi. Aljazari bai ɓoye sirrin sana'arsa ba. Ya faɗi tsawon kowane sashe, da abin da za a ƙera shi da shi, da yadda za a haɗa shi da ɗan'uwansa, ya kuma zana hotuna ya sa musu haruffa. Ya nuna yadda ake fara huda rami ƙarami, a riƙa faɗaɗa shi kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har ruwa ya riƙa wucewa daidai gwargwado. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Aljazari ya rasu a shekarar 1206. Babu ko ɗaya daga cikin agogunan da ya ƙera da hannunsa da ya rage a yau, amma littafin yana nan. Akwai tsohon kwafinsa a fadar Topkapi da ke Istanbul. A 1974 wani injiniya ɗan Ingila, Donald Hill, ya fassara shi zuwa Ingilishi. Da taimakon bayanin da ke ciki aka sake ƙera agogon giwa a zamaninmu, ana kuma iya ganin wani ƙato a wata babbar kasuwa mai sunan Ibn Battuta a Dubai.

A Maiduguri ma akwai masu irin wannan baiwa. Akwai masu gyaran waya da rediyo a kasuwanni, akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da na Jami'ar Maiduguri, akwai kuma matasan da suka mayar da motocin haya masu shan fetur suka koma aiki da batir da hasken rana. To, nawa ne daga cikin gwanayen da kuka sani suka rubuta abin da suka iya?

Ku gwada wannan a gida. Ku sami gwangwanin madara, ku huda ɗan rami a gindinsa, ku ɗora shi a kan ruwa cikin bokiti, ku ƙirga mintin da zai yi kafin ya nutse. Ku faɗaɗa ramin, ku sake ƙirgawa. Bayan haka ku ɗauki alƙalami ku rubuta abin da kuka gani da Hausa, dalla-dalla, yadda ƙanenku zai iya karantawa ya yi irinsa ba tare da ya tambaye ku ba.