Arthur Wehnelt, Bajamushen da sunansa ya maƙale cikin talabijin

Masu gyaran talabijin da suka koyi sana'ar da Faransanci sun san wani ɗan ƙarfe da ke wuyan kwalbar tsohuwar talabijin mai ƙaton ƙeya, wanda ake ce wa wehnelt. Sunan mutum ne.

An haifi Arthur Wehnelt ranar 4 ga Afrilu 1871 a Rio de Janeiro ta ƙasar Barazil, amma a Jamus ya yi karatu, ya samu digirin dakta a jami'ar Erlangen a 1898. A lokacin masana sun san cewa ƙarfe in ya yi zafi yakan saki ilektoron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki. Matsalar ita ce sai waya ta yi fari fat don zafi kafin a samu abin kirki, ga cin wuta, ga saurin ƙonewa.

A 1903 Wehnelt yana gasa wayar filatinam sai ya lura wasu 'yan ɗigo a jikinta sun fi sauran wurare fitar da ilektoron nesa ba kusa ba. Wani zai ce datti ne, ya goge ya ci gaba. Shi sai ya bi diddigi, ya gano ma'adinai ne dangin farar ƙasa, wato sinadaran kalsiyam, bariyam da makamantansu. Da ya shafe wayar da su da gangan, ilektoron suka riƙa kwarara tun tana ja kawai. Wannan dabara, da ya yi wa rajista a 1904, ita ta riƙe fitilun cikin tsofaffin rediyo da kwalaben talabijin shekaru da dama.

Samun ilektoron daban, iya da su daban. A tsakanin nan ne ya fito da wata 'yar hular ƙarfe mai ƙaramin rami, wadda ake kifawa a kan wayar. Ana ba ta cajin da ke korar ilektoron, sai ta matse su su fito siriri ta ramin. In an ƙara cajin su ragu, har su tsaya cak. Da ita ake daidaita hasken hoto, kuma har yau tana cikin madubin ilektoron mai wayar tungustan, wanda ake duba ƙwayoyin cuta da ƙarafa da shi.

Ya koma jami'ar Balin a 1906, ya rasu a birnin ranar 15 ga Fabrairu 1944.