Guido na Arezzo: Malamin da ya sauƙaƙa wa yara koyon waƙoƙin addu'a

Duk wanda ya taɓa rera do, re, mi a makaranta ya ci gajiyar aikin Guido, malamin cocin Katolika da aka haifa a Italiya wajen shekarar 991.

A zamaninsa da waƙa ake gabatar da addu'o'i a coci, kuma yara kan shafe kusan shekara 10 suna haddace su daga bakin malami.

Guido ya tsara hanyar rubuta sauti a kan layuka, ya kuma raɗa wa sautuka shida suna daga wata waƙar yabon Yohanna Mai Baftisma. Ta haka yaro ke iya rera addu'ar da bai taɓa ji ba.

Sai dai abokan zamansa a gidan ibada na Pomposa sun juya masa baya, har ta kai shi ga komawa birnin Arezzo wajen 1025, inda ya horar da mawaƙan babban coci. Da labari ya kai Roma, Fafaroma John na 19 ya gayyace shi, ya gwada tsarin da kansa, ya kuma gamsu.

Guido ya rasu bayan shekarar 1033. Har yau a kan irin layukansa ake rubuta kiɗa.