Ella Sheppard (1851-1914) da Waƙoƙin Bayin Amurka

An haifi Ella Sheppard cikin ƙangin bauta a shekarar 1851, kusa da birnin Nashville na jihar Tennessee a Amurka. Mahaifinta Simon ya fanshi kansa, sannan ya fanshe ta tana ƙarama, amma mahaifiyarta Sarah aka yi jihar Mississippi da ita. Ella ta tashi a Cincinnati, a can ta koyi kiɗan piyano. Rasuwar mahaifin a 1866 ta bar ta cikin talauci, sai ta kama koyarwa har ta tara abin shiga Jami'ar Fisk a 1868, makarantar da aka kafa domin 'yantattun bayi.

A 1871 bashi ya kusa durƙusar da makarantar. Ma'ajinta George White ya fita neman taimako da rukunin ɗalibai tara masu rera waƙa tare, waɗanda aka sani da Fisk Jubilee Singers. Ella ce makaɗiyarsu, kuma mataimakiyarsa wajen horar da muryoyi. Da farko waƙoƙin Turawa suka fi rerawa. Waƙoƙin ibada da iyayensu suka yi a gonakin bauta kuwa sun ƙi fito da su bainar jama'a, domin suna tuna musu wulaƙanci, kuma suna ganin girmansu ya wuce dandali. A cikin waɗannan waƙoƙi jagora yakan bayar, jama'a su amsa. Labarin Bani Isra'ila a hannun Fir'auna ya zama hanyar da bawa ke bayyana ƙuncinsa da fatan kuɓuta.

Sannu a hankali suka amince, Ella ta shiga tattara waƙoƙin daga baki tana tsara su domin muryoyi da yawa. Su ne suka ratsa zukatan masu sauraro. A 1873 rukunin ya rera a gaban Sarauniya Biktoriya a Ingila, kuma da kuɗin da suka tara aka gina Jubilee Hall a Fisk.

Bayan an ba bayi 'yanci ta gano mahaifiyarta, daga baya ta dawo da ita Nashville. Ta rasu a 1914. Ga manazarcin waƙar baka, aikinta ya bar muhawara a buɗe: tsarin Turawa ya adana waƙoƙin, amma ya rage musu sakewar da suke da ita a bakin masu su.